Zanen Bishiyar Nasaba Idan Iyali Suka Ba Da Aikin: Ta Ina Ake Farawa?

Tambaya: Ni mai zane ce, na saba da zanen fuska da na furanni, sai ga wasu iyali sun ba ni aikin zana musu bishiyar nasabarsu domin su rataye a bango. Kakan nasu ya auri mata uku, ya haifi 'ya'ya 11, kuma idan aka haɗa jikoki da tattaɓa-kunne da waɗanda suka shigo dangin ta hanyar aure, sunayen sun kai kusan 140. Suna son bishiya sosai mai rassa da ganye, a kan takarda mai girman A2. Ta ina zan fara, kuma me ya kamata in kiyaye?

Amsa: Malama, ki ajiye fensir da fenti tukuna, domin zanen bishiyar shi ne matakin ƙarshe na wannan aiki, kuma ga wadda hannunta ya saba da furanni, shi ne mafi sauƙi a cikinsa. Nauyin aikin yana kan sunaye, da sanin wa ya haifi wa, da kuma nemo siffar da za ta ɗauki mutum 140 ba tare da ta yi wa kowa ƙarya ba. Wanda aka zana wa fuska yakan yi haƙuri idan hancin ya ɗan karkace, amma babu iyalin da za su rataye hoton da aka jingina ɗan wannan ɗaki ga wancan ɗakin, ko aka manta da wata gwaggo gaba ɗaya, komai kyawun ganyen da ke kewaye da kuskuren. Duk wanda ya tsaya gaban irin wannan zane sunansa yake fara nema, sannan na mahaifiyarsa, sai daga baya ya lura da launi.

Abu na farko shi ne ki nemi iyalin su ware mutum ɗaya wanda shi kaɗai zai riƙa magana da ke, kuma duk gyaran da wani ɗan'uwa yake da shi ya bi ta hannunsa. Idan ba haka ba, za ki wayi gari da saƙonni daga mutum biyar, kowa da yadda yake rubuta sunan kakarsa, ke kuma ba ki da hurumin yanke hukunci a tsakaninsu. Kada ki karɓi bayanan a warwatse, wannan a saƙon murya, wancan a hoton tsohon littafin rubutu. Ki aika wa wakilin jadawali guda, kowane mutum da layinsa: cikakken suna kamar yadda ake so ya fito, laƙabi idan da shi aka fi sanin mutumin, sunan uba, sunan uwa, na nawa ne shi a wurin haihuwa, wanda ya aura, shekarar haihuwa da ta rasuwa. Sunan uwa ba abin tsallakewa ba ne a gidan da ke da ɗaki uku, domin a kansa ne dukkan tsarin zai tsaya. Idan akwai wanda ya riga ya shigar da dangin a manhajar nasaba, ki roƙe shi fayil irin na GEDCOM, tsarin da aka ƙirƙira a 1984 wanda kusan duk manhajojin nasaba suke karantawa, har da Gramps wadda kyauta ce. Zai rage miki kwafa da hannu, kuma wajen kwafa ne kurakurai suka fi shiga.

Sannan ki ba kowane mutum lamba, saboda a babban dangi suna ɗaya yakan maimaitu sau huɗu ko biyar. Tsarin da ya dace da aikinki shi ne wanda Bafaranshe Jacques d'Aboville ya fitar a 1940: kakan shi ne 1, 'ya'yansa 1.1 da 1.2 har zuwa 1.11, ɗa na uku na ɗansa na biyu kuma 1.2.3. Lambar kaɗai tana gaya miki hawan da mutum yake, wato ɗa ne ko jika ko tattaɓa-kunne, da reshen da ya fito. Ba za ta fito a zanen ba, ta aikinki ce, amma da ita za ki ƙirga a ƙarshe ki tabbatar kowa ya samu gurbi sau ɗaya.

Akwai bambancin da ya kamata ki fahimta tun yanzu, domin masu ba da aiki sukan cakuɗa shi. Bishiyar nasaba iri biyu ce. Akwai wadda take farawa daga mutum ɗaya mai rai ta bi iyaye da kakanni, akwai kuma wadda take farawa daga kaka ɗaya ta bi zuriyarsa. Malaman nasaba na Larabawa sun daɗe da raba hanyoyin biyu, ɗaya tana hawa daga ɗa zuwa uba, ɗaya tana sauka daga uba zuwa ɗa. Ta farkon tana da tsari tsaf, saboda kowa iyaye biyu gare shi: 2, 4, 8, 16, ta yadda hawa biyar gurbi 31 ne, hawa shida 63, hawa bakwai 127, a kowane gida a duniya. Shi ya sa tun 1590 Michaël Eytzinger ya iya fitar mata da lissafi mai sauƙi, wanda Jerónimo de Sosa ya yi amfani da shi a 1676, Kekulé von Stradonitz kuma ya yaɗa a 1898: idan lambar mutum 5 ce, ta mahaifinsa 10, ta mahaifiyarsa 11. Irin wannan ana iya sayen tsararriyar takarda a cike gurabe kawai. Taki ita ce ta biyun, kuma ba ta da wannan ladabi: wani ɗan ya bar jikoki talatin, wani ya rasu bai haihu ba, saboda haka babu tsararren fasali da zai karɓe ta, dole a gina siffar a kan adadin mutanen wannan gida. Sa'ar da kika yi ita ce bishiya ta gaske da zuriya ta fi dacewa, tunda kututture ya riga rassa, rassa kuma sun riga ganye. Haka masu zanen Turai suka yi da bishiyar Yesse, mahaifin Annabi Dawuda, kamar yadda take a tagar gilashi ta babbar majami'ar Chartres a Faransa tun tsakiyar ƙarni na 12: tsohon yana kwance a ƙasa, bishiyar tana fita daga jikinsa, zuriyarsa suna hawa sama. Idan aka juya aka sa jariri a kututture, kakanni a ganye, zanen yakan yi kyau amma ma'anar ta koma baibai, ni kuwa idan an ba ni irin wancan aikin na fi son in sa kakanni a saiwoyi.

Yanzu batun A2, wanda a ganina ba zai ishe ki ba, kuma gara ki faɗa musu tun kafin a yi ciniki. Takardar A2 santimita 42 ce da 59.4. Idan kika bar santimita 4 a kowane gefe domin firam da sararin numfashi, abin da ya rage bai kai murabba'in santimita 1,750 ba. Suna ɗaya da shekarunsa, a rubutun da za a iya karantawa daga bango, yana cin kusan santimita 4 a tsawo da 2 a tsaye, wato murabba'i 8, kuma a lissafin da nake bi sai an ninka wannan sau uku kafin a samu wurin rassa da ganye da tazara tsakanin sunaye. Mutum 140 ke nan suna neman murabba'i 3,360, kusan ninki biyu na abin da kike da shi. Takardar A1, mai santimita 59.4 da 84.1, tana ba da kimanin 3,900 bayan an cire gefe, ita ce za ta ɗauka. Idan sun dage a kan A2, to sai dai a rage wani abu: a cire shekaru, ko a tsaya a kan jikoki a bar tattaɓa-kunne, ko a rubuta sunan farko kawai a hawa na ƙarshe. Yanke ɗaya daga cikin waɗannan aikinsu ne, naki shi ne ki nuna musu lissafin. Mai zanen da ya karɓi girman takarda kafin ya ƙirga sunaye ya yi kamar telan da ya yanka yadi kafin ya auna mai riga.

Jimillar fili ma ba ita ce babbar matsalar ba, hawa na ƙarshe ne. A dangi irin wannan, rabin mutanen ko fiye sukan taru a layin tattaɓa-kunne. A ce su 70 ne, kowane suna ya ci santimita 3 kacal, jera su a layi ɗaya yana neman fiye da mita 2. Hanyoyin fita uku ne. Za a iya lanƙwasa layin ya zama rabin da'ira, kamar yadda kan bishiya yake dama, sunayen su miƙe daga tsakiya zuwa waje, ta yadda kowane suna kaurinsa kawai yake ci a gefen da'irar. Rabin da'ira mai santimita 38 daga tsakiya zuwa baki tana da gefe na kusan santimita 119, wanda zai ba sunaye 70 santimita 1.7 kowanne, kuma hakan ya wadatar, sai dai mai karatu zai riƙa karkata kai. Za a iya tara 'yan uwa ɗaya uba ɗaya a tsiro guda, sunayensu a jere daga babba zuwa ƙarami, kamar nonon inabi. Za a kuma iya sakin ƙa'idar cewa kowane hawa yana kan tsayi ɗaya, a bar kaurin reshe ya nuna hawan: 'ya'ya a manyan rassa, jikoki a ƙanana, tattaɓa-kunne a ganye. Ta ukun ce take ba da bishiyar da ta fi kama da bishiya, kuma ita nake ba ki shawara, a haɗa da ta biyu inda cunkoso ya yi yawa. Kada ki tilasta wa zanen daidaito tsakanin dama da hagu. Idan ɗaki ɗaya ya fi yawan zuriya, bari wannan ɓangaren ya yi nauyi ya sunkuya, ki cike ɗaya gefen da suna na dangi ko wani ado, domin bishiyar da ta yi daidai wa daida a gidan da ba haka yake ba, dole ta matse wasu ta ba wasu fili fiye da buƙata.

Inda za ki fi bukatar natsuwa shi ne aure, domin bishiya ba ta san aure ba: reshe daga reshe ɗaya yake fita, ɗan Adam kuwa daga mutum biyu. Ga kakan da matansa uku, mafita mai tsabta ita ce sunansa ya zauna a kututture, kututturen ya rabu gida uku, sunan kowace mata a gindin nata reshe, 'ya'yanta su fita daga nan. Ki jera su bisa tsarin aurensu, daga gefe ɗaya zuwa ɗayan, kuma ki faɗi wannan ƙa'ida a ɗan bayanin da ke ƙasan zanen, saboda kada wani ya ɗauka an sa wata a tsakiya ne don fifiko. Girman rubutun sunayen matan uku da adon da ke kewaye da su lallai su zama ɗaya, ko da ɗayarsu ɗa guda ta haifa. Illar wannan tsari ita ce yana ɓata jerin haihuwa tsakanin 'yan uba, tunda ɗan fari na ɗaki na biyu yana iya girmar auta na ɗaki na farko. Idan iyalin sun damu da wannan, ƙaramar lamba a gefen kowane suna daga 1 zuwa 11 ta warware shi. A sauran hawa, wanda ya shigo ta aure sai a sa sunansa a gefen na ɗan gida da wata alama dabam, kamar ganye mai wani launi ko rubutu mafi siriri, ta yadda ido zai iya bin jini ba tare da ya ɓata ba. Macen da ta yi aure sau biyu ta haihu a kowanne, ita ma reshenta rabuwa zai yi kamar na kakan.

Auren zumunci ya fi wannan wuya, kuma a dangi mai hawa huɗu da wuya a rasa shi. Idan jika daga ɗaki na farko ya auri jika daga ɗaki na uku, rassa biyu sun sake haɗuwa, abin da reshen bishiya ba ya yi. Masu zanen nasabar sarakunan Turai sun sha fama da shi: Sarki Alfonso na 12 na Sifaniya, wanda aka haifa a 1857, iyayen kakanninsa mutum huɗu ne kawai a maimakon takwas, saboda kakanninsa maza biyu wa da ƙane ne, kakanninsa mata biyu kuma ya da ƙanwa. Abin da ake yi shi ne a zaɓi reshe ɗaya a sa 'ya'yan, a ɗaya reshen kuma a rubuta sunan mutumin da ƙaramar alama, tauraro ko tsuntsu, wadda za a sake gani a inda 'ya'yan suke. Kada a zana 'ya'yan sau biyu. Idan rassan suna kusa, siririn zare ko kurangar da ta tsallaka daga wannan zuwa wancan tana da kyau, amma fiye da biyu ko uku sukan mayar da zanen saƙar gizo.

Sai kuma tambayoyin da ba naki ba ne ki amsa, amma naki ne ki yi su, a rubuce, tun da wuri. Za a sa agola da ɗan riƙo, kuma idan za a sa su, da alama dabam ko kamar kowa? Matar da aka rabu da ita ba ta haihu ba, tana ciki? Yaran da suka rasu suna jarirai fa? Ana so a bambanta mamata da masu rai? Wakilin iyali yakan manta da waɗannan, ko ya kauce musu da gangan, sai ranar da aka buɗe zanen gaban jama'a maganar ta tashi. A kan mamata, ina ba da shawarar kada a yi amfani da busasshen ganye ko wanda ya faɗo ƙasa, ko da yake dabarar tana jan hankalin masu zane, domin uwar da ta rasa ɗa ba ta son ganinsa a ƙasa sauran 'yan'uwansa suna sama, kuma duk wanda ya rasu bayan an gama aikin zai sa alamar ta zama ba daidai ba. Shekarar rasuwa a ƙarƙashin suna ta isa. Tarihin nasaba kansa ya nuna cewa wanda ake sawa da wanda ake bari hukunci ne na masu dangi, kuma yana canjawa: kundin zuriyar Konfushiyas, tsohon masanin falsafa na ƙasar Sin, wanda bugunsa na 2009 ya ƙunshi sunaye fiye da miliyan biyu, sai a wannan bugun aka fara shigar da mata.

Game da shekaru, kada ki cike gurbi da zato. Inda ba a tabbatar ba, a rubuta "wajen" kafin shekarar, ko a bar wurin fanko. Idan wasu shekarun na Hijira ne wasu na Miladiyya, a zaɓi ɗaya a bi, tare da sanin cewa shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, saboda haka takan faɗo a kan shekaru biyu: 1350 ta Hijira, misali, ta fara a 1931 ta ƙare a 1932, kuma idan ba a san watan ba, ba za a iya cewa ga ɗaya ba. Ga masu rai, shekara kaɗai ta wadatar, ko ma a bar ta. Cikakkiyar ranar haihuwa tare da sunan mahaifiya bayanai ne da ake tantance mutum da su a wurare da yawa, zanen kuma wani zai ɗauki hotonsa ya sa a intanet ko da ke ba ki sa ba.

Idan bayanai sun kammala, ki fitar da ƙwarangwal: sunaye da layuka kawai, babu ganye ko ɗaya, a ainihin girman da zanen zai kasance, ko da sai kin manna takardu da yawa. Ni nakan yanka kowane suna a 'yar takarda in riƙa matsar da su har su zauna, wasu kuma a kwamfuta suke yi, duk ɗaya ne. Wannan ƙwarangwal shi za ki ba wakilin ya zagaya da shi wurin dattawan kowane ɗaki, ya dawo da shi da sa hannu cewa sunaye da haɗinsu daidai ne. Dalilin hana shi ado a wannan mataki shi ne, da zarar mutane sun ga launi, a kan launi za su yi magana, su bar rubutun. Bayan sa hannu sai zanen fensir na bishiyar a kan ƙwarangwal, rassa suna bin inda sunaye suka riga suka zauna, sannan ɗan gwajin launi na kusurwa ɗaya a cikakken girma, mai suna biyar ko shida, domin su ga rubutu da ganye yadda za su fito.

Irin bishiyar da za a zana, a tambayi iyalin ko akwai wadda take da ma'ana a wurinsu, amma ki duba ƙirarta kafin ki amince: mai kauri da rassa masu bazuwa gefe da gefe ita ce take ɗaukar sunaye, dogayen da ba su da rassa kamar dabino ba su da wurin rataya kowa. Fuskoki kuma, tunda nan ne gwanintarki, za ki ji sha'awar yawaita su, to ki taƙaita a kan kakan da matansa, ko har 'ya'ya 11 idan kowannensu yana da hoto. Idan babu hoton mutum ɗaya a cikin sahu, gara a bar sahun duka, domin gurbi ɗaya fanko ya fi kowace fuska jan ido. Littattafan salsala na daular Usmaniyya sun bi wata hanya mai kyau, inda manyan mutane suke cikin manyan da'irori masu hoto, sauran kuma a ƙananan da'irori masu suna kawai, layuka suna haɗa su. Zanen da Frida Kahlo, mai zane 'yar ƙasar Meziko, ta yi wa danginta a 1936 ya cika da fuskoki, jan ƙyalle yana haɗa ta da kakanninta, amma ita da iyayenta da kakanni huɗu ne, mutum bakwai, ba 140 ba.

Rubutu shi ne abin da za a fi kallo, don haka idan hannunki bai ƙware a kansa ba, ki yi haɗin gwiwa da mai rubutun ado ko ki yi shi a kwamfuta, babu aibi a ciki. Ƙananan haruffa kada su gaza milimita 3 a tsaye a hawa na ƙarshe, kuma salon rubutu biyu sun isa dukkan zanen. Idan na kwamfuta ne, ki gwada tun farko ko salon yana da dukkan haruffan da sunayen suke buƙata, masu lanƙwasa da masu ɗigo, domin da yawa daga salon ado ba su da su, sai kwamfuta ta cusa harafi daga wani salo a tsakiyar suna. Bayan kowane suna ya zama fili mai haske, ganye masu duhu su tsaya a kewaye.

Kayan aiki kuwa, ki tuna wannan abu ne da ake so jikokin tattaɓa-kunne su gada. Takarda ta zama ta auduga zalla marar sinadarin asid, mai nauyin giram 300, kuma mai santsi, saboda mai gurzau tana kama bakin alƙalami. A fenti, ki duba alamar jure haske a jikin kowane bututu, ki tsaya a kan mataki na I da na II na ma'aunin ASTM, ƙungiyar tsara ma'aunan ingancin kaya. Jan alizarin na asali, mai lamba PR83, yana cikin waɗanda suke koɗewa idan aka shafa shi da ruwa-ruwa, jan kwinakiridon yana maye gurbinsa. Tawada ta zama mai ƙwayar launi wadda ruwa ba ya narkarwa, irin ta baƙin gawayi, domin tawadar rini tana dusashewa cikin 'yan shekaru a bango mai haske, tsohuwar tawada mai ƙarfe kuma an ga yadda ta cinye takardun ƙarnonin baya. Wajen firam, kwali marar asid ya raba zanen da gilashi, kada a manna shi da salatif, gilashin ya zama mai tare hasken da ke koɗar da launi, kuma a gaya musu kada su rataye shi inda rana take bugawa. Gidajen tarihi haske kaɗan suke bari a kan zanen fentin ruwa, kimanin luks 50 a ma'aunin ƙarfin haske, falo kuwa ya ninka haka sau da yawa.

A dangi mai wannan yawa, kusan tabbas kowane ɗaki zai nemi kwafi, kuma wannan ya sa nake fifita hanyar gauraye: ki zana bishiyar da hannu ba tare da sunaye ba, a ɗauke ta da na'urar sikana a kan ɗigo 300 a kowane inci ko fiye, wanda a A1 yake ba da kimanin ɗigo 7,016 da 9,933, sannan a ɗora sunayen a kwamfuta a shimfiɗa dabam. Ta haka gyaran harafi ɗaya ba ya taɓa fenti, kuma ana iya sake bugawa idan an samu ƙaruwa. A buga da tawada mai ƙwayar launi a kan takardar auduga, kuma ki nemi ɗan bugun gwaji kafin babban, saboda koren da kike gani a allo yakan fito da duhu a takarda. Idan sun fi son asali guda da aka yi komai da hannu, ki rubuta sunayen kafin ki zuba ƙarfinki a ganye, domin idan kuskure ya faru, asarar ta zama ta kwana ɗaya maimakon ta wata guda.

Duk wannan ya shiga yarjejeniya a rubuce. Ki yi kuɗin aiki bisa yawan sunaye da yawan fuskoki da girman takarda, ki kuma faɗi abin da kowane ƙarin suna zai ci bayan an sa hannu a ƙwarangwal, domin ƙari zai zo. Ki karɓi kafin alƙalami, kashi ɗaya cikin uku ko rabi, ki ƙayyade zagayen gyara nawa ne a cikin kuɗin, ki rubuta cewa kuskuren da ya fito daga jadawalinsu nasu ne, wanda ya fito daga hannunki naki ne kuma kyauta za ki gyara. Lokacin aiki ya fara ƙirguwa daga ranar sa hannu, tunda tattara sunaye yakan ɗauki iyali tsawon lokacin da ya fi na zanen kansa, kuma idan domin wani taro ake so, wannan sharaɗi ne zai kare ki. Haƙƙin mallaka ma a fayyace shi: a yawancin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Berne ta 1886 kan haƙƙin mallakar fasaha, sayen zane ba ya nufin sayen ikon sake buga shi, amma dokoki sun bambanta a kan aikin da aka yi bisa oda, saboda haka ki rubuta ƙarara wa yake da ikon yin kwafi, guda nawa, kuma a hannun wa fayil zai zauna. Ke ma ki nemi izini kafin ki nuna aikin a shafinki, kuma ko an ba ki, ki dusashe sunayen masu rai.

Dangi ba ya tsayawa don an zana shi, kuma mai yiwuwa ne a yi haihuwa kafin ki kai aikin. Ki bar ganye fanko biyu ko uku a ƙarshen rassan matasan ma'aurata, a warwatse yadda za su zama kamar ado idan ba a cike su ba, amma kada ki yi ƙoƙarin tanadar wa hawa na biyar wuri, wannan aikin wani zanen ne. A ƙasan zanen ki rubuta watan da shekarar da aka rufe karɓar sunaye, domin wanda aka haifa bayan nan ya san ba mantawa aka yi da shi ba. A bayan firam kuma ki sa ambulan mai ɗauke da kwafin jadawalin da aka sa wa hannu, da sunan takarda da tawada da launukan da kika yi amfani da su, da ƙaramin samfurin rubutun, saboda wanda zai ƙara suna nan da shekara ashirin, ko ke ce ko wani, ya samu abin da zai bi.